Gidan Zoo na Kano: kafin a sayo sabon zaki, wa zai yi masa allura?

Duk lokacin da aka tayar da maganar bunƙasa Gidan Zoo na Kano, fili da sababbin dabbobi ake ambata. Gwamna Audu Bako ya kafa gidan a farkon shekarun 1970, lokacin wurin yana bayan gari. Yau shaguna da gidaje sun yi masa zobe, har gwamnatin Ganduje ta yi batun mayar da shi Tiga. A ɗauke shi ko a bar shi, wannan muhawara ce daban. Abin da ba a tambaya shi ne wane likita zai zauna da dabbobin nan shekara 20, kuma me ke cikin akwatin maganinsa.

Likitan dabbobi da ya fito daga Zariya, Sakkwato ko Maiduguri ya sha karatu, amma galibinsa a kan shanu, tumaki, kaji, dawaki da karnuka. Saniya ana kayar da ita da igiya a buɗe bakinta. Zaki kuwa ko ƙaya ce ta soke shi a ƙafa, sai an sa shi barci, kuma nan ne aikin yake.

Ba a ɗora zaki a sikeli kafin allura, da ido ake kintata nauyinsa, namiji babba yakan kai kilo 180. Ana hana shi abinci tun daren jiya don kada ya yi amai ya shaƙe. Idan magungunan sa barci ketamin da medetomidin za a haɗa, miligiram 2 zuwa 3 na ketamin ake ba kowane kilo, wato kusan miligiram 450. To, ketamin ɗin da aka fi samu a asibitoci miligiram 50 ne a kowace mililita, sai an zuƙi mililita 9 ke nan, alhali kibiyar allura da aka saba harbawa 3 zuwa 5 take ɗauka. Wanda bai tanadi ketamin mai kauri ba, wato mai yawan miligiram a kowace mililita, dole ya yi harbi biyu ko uku, kuma zakin da ya ji ta farko ba zai tsaya jiran ta biyu ba. Da ya fusata, maganin ma ba ya kama shi yadda ya kamata. Sau da yawa wannan ne asalin "an yi masa allura amma bai kwanta ba", ba taurin kan zaki ba.

In ya kwanta, a jira minti 10 zuwa 15, a taɓa kunnensa da doguwar sanda daga waje, sannan a shiga a rufe masa ido. Da asuba ake wannan aiki, musamman a bazara, domin dabbar da ke cikin barcin magani ba ta iya sanyaya jikinta. An gama, a yi masa allurar atipamezol, mai karya ƙarfin medetomidin, ya farka. Barewa ta ma fi zaki wuyar sha'ani: a kore ta minti kaɗan kafin a kama, tsokarta ta lalace, fitsarinta ya yi duhu, ƙoda ta tsaya, bayan kwana biyu a tarar da gawa ana ta mamaki.

A Disambar 2015 zaki ya kuɓuce daga gandun namun daji na Jos, harsashi ne ya kawo ƙarshensa. A Oktoban 2019 na Kano ya kufce wa masu kula da shi, ya faɗa wa awaki a cikin gidan, aka shafe kusan kwana biyu kafin hankali ya kwanta. Mutane sun yi ta raha, amma rana irin wannan ba a koyon lissafin magani a cikinta.

Kuma yawancin aikin ba shi da armashin labari. Zaki na cin kilo 5 zuwa 7 na nama a rana, amma jan nama zalla yunwa ce a ɓoye: babu ƙashi babu kalsiyam, sai ƙafafun 'ya'yan su lanƙwashe, babu hanta babu bitamin A, sai su riƙa tangaɗi suna ɗaga kai sama. Mushen kaji na araha na iya shigo da murar tsuntsaye. Ranar Sallah, lokacin da gidan ke cika maƙil, leda ce ke shiga cikin jimina da barewa, tarin fuka kuma daga mutum yake tsallakawa zuwa biri. Sabuwar dabba tana bukatar killacewa ta aƙalla kwana 30, a gwada jininta da kashinta, kafin ta ga sauran. Wadda ta mutu a feɗe ta a rubuta dalili, ko da ta tsufa.

Wannan sani ba ya cikin takardar digiri, a jikin dabbobin gidan ake tara shi: wace kura ce ke jinkirin farkawa, wane biri ne ke tofar da ƙwaya. Ga shi tsarin aikin gwamnati bai san da haka ba. Likita ya fara gane gida, sai a yi masa canjin wurin aiki zuwa mayanka, ko ƙarin girma ya mayar da shi bayan tebur. Wanda ya gaje shi ya faro daga tushe, sau da yawa ba tare da fayil ɗin ko dabba ɗaya ba.

Za a ce kuɗin ƙofa ba zai ɗauki nauyin ƙwararren likita ba, baƙi kuma raƙumin dawa suke zuwa gani, ba ɗakin gwaji ba. Haka ne. Sai dai raƙumin dawan da ya mutu wata shida bayan isowarsa ya fi albashin likita na shekaru tsada. Don haka kasafin faɗaɗa gidan, a Kano ne ko a Tiga, ya fara da likitoci biyu na dindindin masu matakin ƙarin girma a cikin gidan, babba da mai koyo a hannunsa, da kejin matsewa mai riƙe dabba a yi mata magani, da ɗakin killacewa nesa da baƙi, da firji mai sola, domin maganin da ya sha zafin Afrilu ba abin dogaro ba ne a gaban zaki.