Gwamnati ba ta iya zama mai jari ta yi shiru

Duk wanda ya taso a Kantin Kwari ya san tsarin nan: Alhaji ya ba yaro jari, su yanke yadda za a raba riba, sannan ya ja gefe. Malamai na kiransa mudaraba. In kuwa Alhaji ya gindaya sharaɗin cewa yaro ne zai biya idan aka faɗi ba da sakacinsa ba, to a Malikiyya cinikin ya ɓaci.

Asusun da ke zuba kuɗi a sababbin kamfanonin fasaha ma haka aka gina shi. Masu kuɗi su kawo, manaja ya zaɓi inda za a sa. A cikin kamfani goma galibi su mutu, ɗaya ko biyu su mayar da asarar har da riba.

To ku dubi ƙasar Sin. Dokarsu ta haɗin gwiwar kasuwanci da aka gyara a 2006, ta fara aiki a watan Yunin 2007, ta ce mai jari ba ya tafiyar da harkar asusu, ta kuma hana kamfanonin gwamnati zama manaja mai ɗaukar alhakin bashi. A takarda ke nan. Da kuɗin Amurka suka ja baya, asusun gwamnatocin larduna da birane suka zama manyan masu jari, sai aka ga wani abu daban. Lardi ya ba manaja kuɗi, ya ce dole manajan ya zuba kwatankwacinsu ko fiye a cikin lardin, ko da kamfanin kirki yana wani lardin, kamar a birnin Shenzhen. Jami'in da ya sa hannu kuma tsoro yake ji a ce ya salwantar da dukiyar gwamnati. Ban ga laifinsa sosai ba, wuyansa ne. Sai ya matsa wa manaja, manaja ya sa wa mai kamfani sharaɗi: in ba ka shiga kasuwar hannun jari cikin shekaru kaza ba, ka dawo da kuɗin da ruwa, daga aljihunka. Akwai waɗanda suka ƙare a jerin masu taurin bashi, ko tikitin jirgin sama ba sa iya saya. Wannan ai bashi ne aka sa wa rigar jari.

Za a ce mini ai birnin Hefei ya ceto kamfanin motoci na NIO da yuan biliyan 7 a 2020 kuma ya ci riba. Gaskiya ne. Amma a Janairun 2025 gwamnatin tsakiya da kanta ta ce larduna su sassauta sharaɗin nan na zuba kuɗi a gida, ko su cire shi.

Abin da ya sa nake wannan dogon surutu, mu ma mun kama hanya. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta kawo irin wannan haɗin gwiwa a faɗin Najeriya, ga kuma iDICE, shirin gwamnatin tarayya na zuba jari a kamfanonin fasaha, na sama da dala miliyan 600 a hannun Bankin Masana'antu. Ni yarjejeniyar da manajoji ke sa wa hannu nake son gani: wa ke zama a kwamitin zaɓen kamfanoni, kuma ranar da kamfanin wani yaro a Kaduna ya rushe, gidan wa za a je?