Kafin ka sa hoton Orochimaru, ka ƙirga yaransa

Ƙannena maza da mata, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci. Ni ba malami ba ne, ban kuma zo in ce muku kallon katun ɗin Japan haramun ne ba. Na kalli Naruto tun zamanin da muke haɗa kuɗi mu sayo faifai, kafin a koma wurin masu tura fina-finai a waya, kuma sai da na ga ƙarshensa. Maganar da zan yi ta ɗan gida ce.

Kwanakin baya ɗan yayata, yaro ɗan aji biyar a sakandare, ya canja hotonsa na WhatsApp ya sa fuskar Orochimaru, mugun nan na cikin Naruto: fata fara fat kamar alli, idon maciji, ga harshe zaƙalƙal. Na tambaye shi me ya burge shi. Ya ce, "Kawu, mutumin nan ba ya mutuwa, ba ya tsoron kowa, kuma kowa so yake ya zama yaronsa." Biyun farko na bar masa. Na ukun ne ya tsaya mini a rai, domin na san yadda yaran Orochimaru suka ƙare. Shi ma ya gani da idonsa, ƙirgawa ce bai yi ba.

Ga wanda bai san labarin ba: Masashi Kishimoto ya fara zana Naruto a mujallar Weekly Shonen Jump a 1999, ya kammala a 2014 da babi 700, cikin littafi 72. Amma sunan Orochimaru ya girmi Kishimoto nesa ba kusa ba. Ya aro shi ne daga wani tsohon labarin Japanawa na Jiraiya da aka fara bugawa a 1839, inda Jiraiya ke tsafi da kwaɗo, Tsunade da dodon koɗi, Orochimaru kuma da maciji. Can baya kuma, a littafin Kojiki na shekarar 712, akwai Yamata no Orochi, maciji mai kai takwas wanda duk shekara yakan zo ya haɗiye ɗiya guda daga gidan wasu tsofaffi, har ya cinye bakwai kafin wani abin bautarsu mai suna Susanoo ya bugar da shi da giya ya sassare shi. Wato tun a tatsuniyar kakanninsu, sunan nan na mai cin 'ya'yan mutane ne. Bajapane na jin sunan ya san inda aka dosa. Mu ne nan muke ganin gayu.

Kishimoto bai yi shi dodo daga haihuwa ba, kuma nan gwanintarsa take. Maraya ne, mai kaifin ƙwaƙwalwa irin wanda ake samu sau ɗaya a zamani. Yana yaro ya tsinci saɓar farin maciji a kabarin iyayensa, malaminsa Hiruzen Sarutobi ya ce masa alama ce ta sa'a da sabuntawa. Daga nan tsoron mutuwa ya yi masa gida a zuciya. Ya ƙudurta sai ya san kowace dabarar yaƙi da siddabaru da ke duniya, ya lissafa ya ga rayuwa ɗaya ba za ta isa ba, sai ya yanke cewa shi ba zai mutu ba. Wannan tsohon tarko ne, wanda ya karanta Suratu Ɗaha ya san da bishiyar dawwama aka yaudari Annabi Adamu. Hanyar da Orochimaru ya samo ita ce ya riƙa sauya gangar jiki kamar yadda maciji ke saɓa: duk bayan shekara uku ya fita daga wadda ta lalace, ya shige ta wani, mai jikin kuwa shi ke nan. Ya taɓa ɗibar yara 60 ya yi gwaji a jikinsu, ɗaya tak ya rayu, wanda daga baya muka sani da Yamato.

To, yanzu ku zo mu ƙirga yaran.

Zaku Abumi. A katun ɗin an nuna shi yana ɗan ƙarami, maraya, yunwa ta sa ya saci burodi aka yi masa dukan kawo wuƙa. Orochimaru ya tsince shi, ya ce ya ga wani abu a idonsa, in ya bi shi zai yi ƙarfi. Wataƙila wannan ce magana mai daɗi ta farko da wani babba ya taɓa yi wa yaron. Aka huda masa tafin hannu aka dasa bututu, yana harba iska kamar bindiga, yana fankama. Aka tura shi jarrabawar Chunin, ta ƙarin girma ga matasan mayaƙa, tare da wani yaro Dosu da wata yarinya Kin, aka ce su kashe Sasuke, abokin karatun Naruto wanda Orochimaru ke kwaɗayin jikinsa. Ashe ba a so su yi nasara ba, dutsen wasa wuƙa aka mai da su don a gwada kaifin Sasuke. Sasuke ya karya masa hannuwa. Da Zaku ya fuskanci Shino, wani yaro mai sarrafa ƙwari, ƙwarin suka toshe bututun, hannuwan suka fashe. Dosu ne kaɗai ya farga cewa wasa ake da su, shi ma wani yaro mai suna Gaara ya gama da shi a kan rufin ɗaki cikin dare. Zaku da Kin kuwa, ranar da Orochimaru ya kai wa Konoha, garin su Naruto, hari, ya tayar da Hokage, wato shugaban garin, na farko da na biyu daga kabari don su yaƙi tsohon malaminsa Hiruzen. Tsafin ba ya yiwuwa sai da rayayyen mutum. Da Hiruzen ya zare rayukan matattun, tokar da ta lulluɓe su ta zube, sai ga gawar Zaku, ga gawar Kin. Yara 'yan shekara 14. Ko sunansu ubangidan nasu bai ƙara ambata ba.

Kimimaro ya fi ba ni tausayi, don shi ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, ƙauna ce. Danginsa na Kaguya a keji suke kulle shi saboda tsoron baiwarsa, ba sa fito da shi sai ranar yaƙi. Da aka hallaka su ya rage shi kaɗai yana gararamba, Orochimaru ya ba shi abin da zai rayu dominsa. Burin yaron nan a duniya shi ne ubangidansa ya shige jikinsa, ku ji fa, burinsa ke nan. Sai ciwo ya kama shi, jikin ya tashi daga amfani. Duk da haka ya tashi daga gadon jinya ya tafi ya tare hanya domin a kai wa maigida sabon jiki, wato Sasuke, wanda zai maye gurbinsa. Ya mutu yana da shekara 15, a tsaye, ƙashin hannunsa saura kaɗan ya huda fuskar Gaara, bakinsa na kare mutuncin Orochimaru. Shi kuwa maigida hankalinsa ya riga ya koma kan Sasuke.

Anko Mitarashi ɗalibarsa ce tun a Konoha. Mutum goma ya yi wa hatimin la'ana, ita kaɗai ta tashi, sannan ya watsar da ita. Hatimin nan cizo ne a wuya, yana ba da ƙarfi nan take, yana kuma cin mai shi a hankali, har ya kai ba shi da ra'ayin kansa. Jirobo da Kidomaru da Sakon da Tayuya, huɗun da aka aika su ɗauko Sasuke, duk suna ɗauke da shi, kuma da bakinsu suka gaya masa cewa 'yancinsu suka bayar aka ba su ƙarfin. Ba su ɓoye masa ba. Suka miƙa masa ƙwaya ya haɗiya, ya faɗi kamar matacce, suka saka shi a ganga suka ɗauka. Duka huɗun ba wanda ya koma gida da rai.

Abin da nake so ku lura da shi, Orochimaru bai ɗaure Sasuke da igiya ba. Ya cije shi a dajin jarrabawa, ya tafi abinsa, yana da tabbacin yaron zai biyo shi da ƙafarsa. Me ya ba shi tabbacin? Ya san ciwon da ke cin yaron. Wansa Itachi ya kashe danginsu kaf lokacin Sasuke yana ɗan shekara bakwai, ga shi yana ganin Naruto, wanda ya raina, yana neman wuce shi. Ƙiyayya da hassada da gaggawa. Mai farautar yara ba ya neman mai ƙarfi, mai miki yake nema, ya san inda zai danna.

Kun san mutumin nan. Ba shi da farar fuska, ba ya fito da takobi daga maƙogwaro, shadda yake sawa. Yakan ɓullo in zaɓe ya matso, da kuɗin shayi da alƙawarin babur, ya kira ka "namijin duniya" a gaban abokanka, kai da mahaifinka bai taɓa yaba maka ba. A Kano a ce daba, a Gombe kalare, a Bauchi sara-suka, suna ne ya bambanta. Wani a waya yake zuwa, ya ce aron asusunka na banki kawai yake so kuɗi su bi ta ciki, a ba ka kaso. Wani ƙunshi zai ba ka ka kai tasha, kada ka buɗe. Wani ƙwayar farko kyauta zai ba ka, ya ce ta ƙarin kuzari ce. Ke ma ƙanwata ban tsallake ki ba: wanda ya fara da cewa duk gidanku ba wanda ya san darajarki sai shi, ya saya miki waya, ya ce kada Umma ta sani, ki tuna Kin da Tayuya ma an ce musu su na musamman ne. Ragon da aka turke ana ba shi dusa da harawa safe da yamma, shi a ganinsa gata ne. Mai gidan kuwa kwanakin Sallah yake ƙirgawa.

Na san abin da za ku ce, don ɗan yayata ya riga ku: "Ai Sasuke ya ci riba. Ya kwashi ilimin, da lokacin ya yi ya juya wa maigida baya ya gama da shi." Haka ne, bayan kusan shekara uku ya auka masa yana kwance ba lafiya, ya rinjaye shi. Amma abu biyu. Na farko, dalilin da ya sa ya sami shekara ukun nan tsautsayi ne ya gifta: an makara kawo shi, jikin Orochimaru ya kasa jira, ya shige na wani fursuna. Da an iso da shi da wuri, labarin Sasuke ya ƙare a ranar. Kuma Sasuke na da alƙalamin Kishimoto a bayansa, marubuci ba zai kashe jarumi na biyu a tsakiyar littafi ba. Kai wa ke riƙe da alƙalamin da zai cece ka? A cikin goma tara ke mutuwa, kowannensu kuma ya miƙa wuya ne yana zaton shi ne ɗayan. Na biyu, ku dubi abin da Sasuke ya zama. Wata yarinya Karin ta bi shi, ta sha ba shi jikinta ya ciza ya warke. Ranar da wani maƙiyinsa Danzo ya yi garkuwa da ita, ta cikin ƙirjinta ya soke shi, ko gezau. Ya ɗaga hannu zai kashe Sakura, tsohuwar 'yar ƙungiyarsu da Naruto. Ya bar gidan maciji, amma halin ya biyo shi. Zama da maɗaukin kanwa ke nan.

Kada kuma a ce Zaku da Kimimaro ba su da zaɓi tunda marayu ne. Naruto ma maraya ne, gari guda na ƙyamarsa, kuma tun a babin farko an ɗana masa irin wannan tarkon. Ya faɗi jarrabawa, yana zaune shi kaɗai, wani malaminsu Mizuki ya zo da murmushi ya ce akwai gajeriyar hanya: ya sato wani naɗaɗɗen kundi, ya koyi dabara ɗaya a ciki, shi ke nan ya ci. Yaro ya sato. Ashe so ake a ɗora masa laifi a kashe shi a gudu da kundin. Wanda ya cece shi Iruka ne, malamin da kullum ke yi masa faɗa, wanda ya kayar da shi a jarrabawar, wanda dodon da aka kulle a jikin Naruto ne ya kashe masa iyaye. Shi ya kifa a kansa, makamin da aka jefo ya nutse a bayansa. Ni da wannan nake auna manya. Mai yi maka faɗa ya hana ka gajeriyar hanya, sau da yawa shi ne zai tare maka sara. Kafin ka ce wa wani "ranka ya daɗe, ni naka ne", tambayi kanka: in abin ya ɓaci, wa zai kwana a ofishin 'yan sanda, ni ko shi? Aikin da yake aika na, yana aika ɗan cikinsa? Me ya sa ba ya so iyayena su sani? Yaran da suka riga ni a wurinsa, ina suke yanzu? Je ka nemo biyu ka gan su da idonka.

Mu yayyenku ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Hiruzen ya kama Orochimaru dumu-dumu a ɗakin gwajinsa, gawarwaki a gabansa, amma son ɗalibi ya sa ya kasa ɗaga hannu, ya bar shi ya tsere. Shekaru bayan haka ya biya da ransa, garin ya biya da jini. Mu ma mun san masu ɗibar yara a unguwanninmu, muna gaisawa da su a masallaci. Kuma yaron da ba mu taɓa zama mun saya masa ko kwanon taliya mun ji damuwarsa ba, kamar yadda Iruka ke yi wa Naruto, ba mu da bakin mamaki in wani ya riga mu.

Wani abin takaici, wanda har yau nake jin haushin Kishimoto a kansa: Orochimaru bai mutu ba. Itachi ya kulle shi da wani takobin tsafi mai suna Totsuka, Sasuke ya sake fito da shi daga hatimin wuyan Anko lokacin babban yaƙi, ya ɗan taimaka, sai aka kau da kai. A Boruto, ci gaban labarin, yana nan garau, har ya fi da ƙuruciya, yana da ɗakin bincikensa, ɗansa Mitsuki na ƙungiya ɗaya da ɗan Naruto da 'yar Sasuke. Wanda aka ɗora wa gadinsa dare da rana kuwa Yamato ne, ɗaya tilon nan da ya rage cikin 60. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da farko na ɗauka rauni ne a rubutun. Da na girma na ga yadda masu ɗibar yara ke sauya jam'iyya su dawo da sabuwar hula, sai na daina cewa ba ya faruwa.

Ɗan yayata bai cire hoton ba har yanzu, ni ma ban ce ya cire ba. Na dai ce ya koma ya kalli faɗan Hiruzen da Orochimaru a kan rufi, in ya zo inda toka ke zubewa ya tsayar, ya ƙura wa fuskokin ido, sannan ya zo ya faɗa mini shekarunsu nawa, shi kuma nasa nawa. Ya ce zai zo ranar Juma'a bayan an sauko.