Sakaci da Takardun Sirri a Wajen Injin Kwafi

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya a ofishinmu shi ne yadda ake sakaci da takardun sirri a wajen injin kwafi. A makon jiya na ɗaga murfin injin zan yi sikanin, sai na tarar da takardar albashin wata ma'aikaciya kwance a kan gilashi, ga lambar asusun bankinta, ga lambar NIN ɗinta, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, alhali masinjoji da baƙi duk ta nan suke wucewa.

Wannan mantuwa ce, ana iya yi wa mai ita uzuri. Wanda ba shi da uzuri shi ne yadda aka saita injin yana tura duk abin da aka yi sikanin zuwa rumbu guda da kowane ma'aikaci ke iya buɗewa, har da takardun asibiti da na ladabtarwa, kuma ba a ɗora wa kowa alhakin gogewa ba. Manyan injinan nan da yawa suna da ma'adanar bayanai irin ta kwamfuta, wadda ke iya riƙe hoton takardun da suka bi ta cikinsu, amma da tsohon injinmu ya lalace, haka mai gyara ya tafi da shi shagonsa ba a goge komai ba. Tun 2023 Najeriya take da dokar kare bayanan jama'a, kuma sau biyu ina roƙon shugaban sashenmu a ba kowa lambar sirrinsa ta shiga injin, har yau amsar ita ce za a duba.