Kwanan addu'a don masu jarrabawa: coci na ƙara wa yaranmu kaya

Da zarar lokacin JAMB, jarrabawar neman shiga jami'a, ya ƙarato, sanarwa ɗaya ce ke yawo a majami'u da yawa daga Sabon Gari zuwa Badawa: duk ɗalibin da zai rubuta jarrabawa ya zo kwanan addu'a ranar Juma'a, daga ƙarfe goma na dare har asuba, wani wurin ma a haɗa masa da azumin kwana uku. Wannan a watan Afrilu ke nan, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40, ga rashin wuta, ɗaki kamar tanda.

Ba na faɗa da addu'a. Faɗana da lissafin da babu wanda ya zauna ya yi. Likitocin barci sun daidaita a kan cewa mai shekara 13 zuwa 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 kowane dare, kuma a cikin barcin ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta da rana. Jarrabawar JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, wato daƙiƙa 40 kacal ga kowace tambaya. Yaron da ya kwana a tsaye ba zai maido da barcin nan cikin yini ɗaya ba. Zai zauna gaban kwamfuta yana karanta tambaya sau uku bai kama ta ba. In sakamako ya fito da rauni, sai a ce masa bai yi addu'a da zuciya ɗaya ba.

A ɗauki makon yarinya 'yar aji shida a sakandare. Ta tashi ƙarfe biyar, ta ɗebo ruwa, ta yi shara, ta shirya ƙannenta. Makaranta har ƙarfe biyu, darasin ƙari har biyar, sannan neman a-daidaita-sahu cikin cunkoso. Litinin akwai ƙungiyar 'yan mata ta coci (Girls' Brigade), Talata koyon waƙa, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis zumuntar matasa. Asabar da safe sharar coci, da yamma maimaita waƙa, tsakani kuma tsaron shagon mama a kasuwar Sabon Gari. Lahadi tun bakwai tana coci, don ita ke koyar da ƙananan yara, ba za ta ga gida ba sai bayan ɗaya. Kowane shugaban ƙungiya awa biyunsa kaɗai yake gani, kuma kowa na da rajista da tarar makara. Babu mai tara jimla. Abin takaicin, yaran da suka fi biyayya su ne aka fi lafta wa, domin ba su iya ce wa Baba Fasto a'a ba.

Hujjar da dattawa ke kafawa sananniya ce: in ba a cika wa matashi lokaci ba, titi zai ɗauke shi. A garin da maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har gwamnatin tarayya ta haramta shi a 2018, tsoron na da tushe. Amma yaron da ke neman abin da zai hana shi barci don ya yi karatun da taro ya cinye masa lokacinsa, shi ne ke farawa da kofi da lemon ƙara kuzari, daga nan wani aboki ya miƙo masa ƙwaya. Masu cewa duk laifin waya ne kuwa, su fara duba ƙarfe nawa ake turo saƙon ƙungiyar mawaƙa a WhatsApp.

Kuma kayan da yaran ke ɗauke da shi daga waje ya isa. A 2025, sama da miliyan ɗaya da rabi cikin kusan miliyan biyu da suka rubuta JAMB ba su kai maki 200 ba, daga baya hukumar ta amsa kuskuren na'ura ya shafi kusan ɗalibai 380,000. A shekarar ne aka ga ɗalibai na rubuta Turancin WAEC da dare da hasken tocila. Yaron da ya san iyayensa sun ci bashi kafin su biya kuɗin rajista ba ya bukatar a tsayar da shi gaban ikilisiya a yi shelar cewa lallai 300 zai ci.

Littafin da muke wa'azi da shi ma bai goyi bayan wannan ɗabi'a ba. Da annabi Iliya ya gaji har ya roƙi mutuwa, a 1 Sarakuna sura 19, mala'ika abinci da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya koma barci. A Markus 6:31, da Yesu ya ga almajiransa ko damar cin abinci ba su samu ba, janye su ya yi su huta. Mu kuwa mun mai da ranar hutu ranar da ta fi kowace wahala.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: ciwon kai ko ciki da ba a gano dalilinsa, saurin fushi, ƙin abinci, gyangyaɗi a aji, janyewa daga abokai. In suka wuce mako biyu, ko yaro ya fara maganar gara ya mutu, a yi masa addu'a a hanyar zuwa asibiti. Akwai sashen masu wannan larura a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Majalisar dattawan coci na iya gyara mafi yawan wannan a zama ɗaya: ɗan ajin jarrabawa ƙungiya ɗaya ta ishe shi daga Janairu har a gama NECO, a soke masa tara, addu'ar ɗalibai kuma a yi ta da yamma a tashi kafin bakwai. Wanda ke son kwana a coci dominsu, iyaye da dattawa na nan, su ba su da jarrabawa ranar Litinin.