Kada wutar farautarmu ta cinye duwatsun tarihi

'Yan'uwana matasa, a garin Wassu na ƙasar Gambiya akwai ginshiƙan marmara da aka sassaƙa da kayan ƙarfe, aka kafa su zobe-zobe, wasu sun fi mutum tsayi, a ƙarƙashinsu kuma kaburbura ne. Irin waɗannan da'irori sun haura 1,000 a yankin Kogin Gambiya, har cikin Senegal. A 2006 UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi, kimiyya da al'adu, ta sa wurare huɗu cikin kayan tarihin duniya: Wassu, Kerbatch, Wanar da Sine Ngayène, inda da'ira 52 suke wuri guda.

Dutse na jure ruwa da rana shekaru aru-aru, amma ba ya jure hannun mai son zuciya. A ƙauyen Avebury na Ingila, inda can ma akwai da'irorin duwatsun tarihi, cikin shekarun 1700, sai a haƙa rami a gindin ƙaton dutse, a cika shi da tattaka, a cinna wuta. In ya yi zafi jau a kwara masa ruwan sanyi, a bi shi da guduma, a kwashe ɓaraguzan a yi gini. Babbar da'irar wurin ta kusan dutse 100 ce, yau waɗanda ke tsaye ba su wuce 30 ba. Dokar kare wuraren tarihi ta 1882 ta zo ne bayan an yi ɓarnar.

Abin da ke ci mini rai shi ne muna maimaita wannan a gida Najeriya. Duwatsun Akwanshi na yankin Ikom a Jihar Kuros Riba, masu fuskar mutum, da yawansu a da'ira aka jera su. Wutar ƙona daji tana tsattsaga su, ɓarayi kuma na sare su su sayar a ƙasashen waje. Wa ke banka wa daji wuta da rani saboda gafiya? Wa ake ba 'yan kuɗi ya yi haƙa da dare? Sa'o'inmu ne, mu faɗa wa kanmu gaskiya.

Wani zai ce ai kayan jahiliyya ne. Kiyaye abu ba bauta masa ba ne. Shaida ce cewa mutanen nahiyar nan sun iya sassaƙa da tsara aiki tun kafin zuwan Turawa.

Don Allah, in karatu ko bautar ƙasa ta kai ka irin wurin nan, kada ka kankara sunanka a jikin dutse, kada ka ɓalli yanki ka kai tsaraba. In ka ga ana haƙa, ka sanar da mai gari ko Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa.