Wang Yi da riguna biyu

Duk lokacin da Wang Yi ya sauka Abuja, sai ka ji ana cewa ministan harkokin wajen Sin ya iso. Haka ne, amma an kira shi da ƙaramar rigarsa. A Beijing jam'iyyar Kwaminis ce ke yanke manufar hulɗa da ƙasashen waje, ma'aikata kuwa aikinta aiwatarwa.

Ku duba yadda ya hau tsanin. An haife shi a 1953. Bayan sakandare aka tura shi Heilongjiang, can arewa maso gabas mai tsananin sanyi, ya shafe shekara 8 kafin ya dawo ya karanci harshen Japananci. Ya shiga ma'aikatar waje a 1982, ya yi jakada a Tokyo daga 2004 zuwa 2007, sannan aka damƙa masa ofishin harkokin Taiwan, tsibirin da Sin ke ɗauka a matsayin yankinta, a 2008. Wannan kujera ita ce ma'auni a wurina, don ba a ba wa wanda ba a amince da cikinsa ba. Minista ya zama a 2013.

Amma ikon gaske sai a Oktoban 2022 ya zo, da aka sa shi cikin ofishin siyasa na jam'iyya, mai mutum 24 kacal. Yana da shekara 69 lokacin, alhali bisa al'ada mai 68 gida yake tafiya. Daga Janairun 2023 ya karɓi ofishin hukumar jam'iyya mai kula da harkokin waje, hukumar da Xi Jinping da kansa yake shugabanta. Da wannan riga ya tsaya tsakanin wakilan Saudiyya da Iran da suka amince su maido da hulɗar jakadanci ranar 10 ga Maris 2023, lokacin ma ba shi ne minista ba.

Ministan lokacin Qin Gang ne, wanda aka ɗauko daga jakadancin Amurka a guje. Wata 7 ya yi. Tun 25 ga Yuni aka daina ganinsa, bayan wata guda aka sauke shi ba tare da bayani ba, aka mayar wa Wang kujerar. Hawan sauri ba tare da gindin zama a jam'iyya ba, ga inda ya kai shi.

Mu ma mun ɗanɗana aikin tsohon mai kula da Taiwan ɗin nan: a ziyararsa ta Janairun 2017 ne Najeriya ta sanar cewa ofishin kasuwancin Taiwan zai tattara ya bar Abuja ya koma Legas.