Ku daina tura wa masu ciwon daji saƙon koren shayin nan

Saƙon muryar nan da ake ta yawo da shi a WhatsApp, wai mai ciwon daji ya dage da koren shayi safe da yamma zai ƙone cutar, don girman Allah ku daina tura shi. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne amsar da ake ba duk wanda ya yi magana: "Ai ganye ne kawai, ko bai yi magani ba, ba zai cutar ba."

Yana iya cutarwa. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kudancin Kalifoniya ta Amurka sun haɗa sinadarin EGCG na koren shayi da bortezomib, allurar da ake yi wa masu dajin ɓargo. Sai suka tarar sinadarin yana manne wa maganin ya hana shi aiki, cutar ta ci gaba da cin karenta babu babbaka. Iyali su sayar da gona su sayi allura, kai kuma ka zo da buta ka kashe mata kaifi, kana ganin taimako ka yi?

Za a ce ai a ɗakin gwaji da jikin ɓeraye aka gani. To wa zai ba da mahaifiyarsa a ƙarasa gwajin a kanta? Kuma shayin fada da ake dafawa a 'yar buta kan gawayi, na farkon nan mai ɗaci, koren shayin ne fa, mai kauri ma. Ƙwayoyin koren shayi da ake sayarwa don rage ƙiba sun fi muni. A 2018 hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta yi gargaɗi cewa miligiram 800 na EGCG a rana yana iya taɓa hanta, hantar da dama tana fama da magungunan asibiti.

Ba kowane maganin daji ne shayi ke taɓawa ba. Likitan da ya rubuta shi ne ya san wanne. Ku faɗa masa duk abin da mara lafiya ke sha, har jiƙo da tsimi, kada ku ɓoye don tsoron faɗa.

Sannan masu zuwa dubiya da mura da tari: wanda ake yi wa ƙarin ruwan maganin daji garkuwar jikinsa a ƙasa take. Ku kira a waya, ku tura abin da ya sawwaƙa, addu'arku za ta isa daga gida.